Tikiti biyu na Community Shield

Da bakina na ɗora wa kaina kayan. Ranar 17 ga Mayun 2025, da Crystal Palace ta ci Manchester City ɗaya mai ban haushi ta ɗauki kofin FA, ni da ɗana a falo muka kalla, domin duk fafutukar da na yi tikiti bai samu ba. Shekarun yaron 12, a kudancin Landan aka haife shi, kuma tun yana ɗan mitsitsi ya zaɓi Palace ba tare da ya shawarci kowa ba. Da aka tashi wasa ya yi tsalle har ya gaji, can kuma sai ya zauna shiru yana kallon jama'ar da ke cikin fili suna rungumar juna. Na san abin da ke ransa. Na ce, "Kwantar da hankalinka, za su koma Wembley a watan Agusta. In sha Allahu da mu za a yi."

Ya ce, "Abba, ka yi alƙawari?"

Na ce na yi.

Gaskiyar magana, na yi saurin amsawa ne don na raina wasan. A wurina Community Shield wasan sada zumunta ne da aka yi wa kwalliya: zakaran Firimiya da mai riƙe da kofin FA su haɗu mako guda kafin a fara kaka, 'yan wasa ba su gama dawowa daga hutu a jikinsu ba, masu horarwa suna gwada sababbin da suka sayo. Wanda ya ci ya ce kofi ne, wanda aka ci ya ce atisaye ne. Ko kofin ma ba kofi ba ne, garkuwa ce, wani faffaɗan faranti mai kusurwa takwas. Na ɗauka tikitin irin wannan wasa har roƙon mutane ake yi su saya.

Abin da ban lissafa ba shi ne, tun da aka kafa Palace a 1905 ba ta taɓa ɗaukar babban kofi ba sai wannan na Mayu, kuma ba ta taɓa buga Community Shield ba. Mutanen da suka yi shekara 120 suna jira ba sa raina komai.

Ga wanda bai taɓa nema ba, ga yadda abin yake. Ba zuwa ake yi bakin fili a sayi tikiti ba. Hukumar FA ce ke da wasan, ita ke ware wa kowace ƙungiya kasonta, ƙungiyar kuma ta sayar wa magoya bayanta ta intanet, mataki-mataki. Masu tikitin kaka, wato waɗanda suka biya kuɗin dukkan wasannin gida tun farkon shekara, su ne a gaba. Bayansu sai mambobi, su ma ana duba makin da mutum ya tara, don duk wasan da ka sayi tikitinsa da sunanka ana rubuta maka. In wani abu ya rage bayan nan, to. Mu mambobi ne ni da yaron, amma wasannin da muke zuwa Selhurst Park, filin Palace, a shekara ba su taka kara sun karya ba, saboda haka muna can wajen wutsiyar layi.

Darasin da na koya tun a neman tikitin Mayu shi ne a gama shiri kafin ranar sayarwa. Kowane mutum da lambarsa, har yaro, kuma ba za ka saya wa wani ba sai an haɗa asusunku tun da wuri ya amince kai ne mai saya masa. A Mayu wannan ne ya cinye mini lokaci, ina neman kalmar sirrin asusun yaron jama'a suna wuce ni. Wannan karon tun ana saura kwana uku na sabunta rajistarmu, na haɗa asusun, na adana katin banki a shafin, na shiga na fita sau biyu don in tabbatar.

Ranar da layi ya zo kanmu na nemi izinin makara a wurin aiki. Na buɗe kwamfuta tun kafin lokaci, shafin ya jefa ni ɗakin jira, sannan ya ba ni lamba. Daga nan ba abin da mutum zai yi sai kallon lambar tana raguwa. Ba a sabunta shafin, ba a rufe shi, in ka yi wasa ka koma baya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Ko sakamakon jarrabawa kake jira?" Ban tanka ba. Da aka buɗe mini taswirar filin, ƙasa duk ta cika, sai can sama ake ganin ɗigo-ɗigon kujeru. Na danna biyu a jere, kafin in tabbatar wani ya riga ni. Na sake danna wasu, su ma suka tafi. A karo na uku ban tsaya duba ko ina ne ba, na ga biyu manne da juna na cafke, na biya. Sai da saƙon tabbatarwa ya shigo imel ɗina na lura shayin da na haɗa ya huce ban taɓa shi ba.

A 'yan kwanakin da ban san ko zan samu ba, na kusa yin wauta. Wani a Facebook ya ce yana da tikiti biyu a ƙasa, dab da fili, in tura kuɗi ya turo mini hotonsu. Araha ba ta ado. Na tambaye shi lambarsa ta mamba, sai ya fara kame-kame, daga baya ya toshe ni. Ko da ma tikitin na gaske ne, a Ingila laifi ne a sayar da tikitin ƙwallon ƙafa ba da izinin masu wasan ba, dokar tana nan tun 1994. Tikitin da aka gano an yi cinikinsa ta bayan fage ana soke shi, mai saye ya tsaya a ƙofa da yaronsa, ba kuɗi ba kallo.

Yayana mai goyon bayan Liverpool ne na a mutu, kuma da Liverpool ɗin Palace za ta kara. Da na gaya masa mun samu, ya yi dariya a waya ya ce, "Kai dai ka kai yaro ya ga zakarun Ingila ido da ido, ya isa riba." Na ce, "Yaya, ai wasan sada zumunta ne." Ya ce, "Tun yanzu ka fara tanadin uzuri?"

Yaron ne ya sa na koma na karanta tarihin wasan, don kullum da sabuwar tambaya yake tashi. A 1908 aka fara, da sunan Charity Shield, Manchester United da Queens Park Rangers, aka yi 1-1, aka sake bugawa United ta ci 4-0. A shekarun farko ba kullum ne zakaran lig da mai kofi ba, wani lokaci ƙwararrun 'yan wasa ake haɗawa da masu yi don sha'awa. A 1959 aka mayar da shi mabuɗin kaka, a 1974 aka kai shi Wembley. Wannan na 1974 ɗin ne na fi jin daɗin ba shi labari, don a nan ne Kevin Keegan na Liverpool da Billy Bremner na Leeds suka dambace, aka kore su duka biyu, suka tuɓe riguna suka yar. A wasan sadaka ke nan. Akwai kuma shekarun da in an tashi canjaras sai a raba, kowace ƙungiya ta riƙe garkuwar wata shida, har zuwa 1993 da aka dawo da bugun fenariti. Sunan ya koma Community Shield a 2002, bayan hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta samu FA ba ta fayyace wa masu sayen tikiti nawa ne ke tafiya sadaka ba. Har yau dai kuɗin ƙofa ana rarraba shi ga ayyukan agaji da na al'umma, ta hannun ƙungiyoyin da suka buga kofin FA tun daga zagayen farko. Wannan ya ɗan rage mini zafin abin da na kashe.

Ya tambaye ni, in ƙungiya ɗaya ta ci lig ta ci kofi fa, da wa za ta buga? Da wadda ta zo ta biyu a lig, kamar yadda Arsenal ta samu shiga a 2023 bayan City ta kwashe duka. Namu na 2025 kuwa na asali ne, zakara da mai kofi. Sifaniya tun 2020 ta sauya nata, ƙungiya huɗu, a watan Janairu, galibi a Saudiyya. Ingila ta bar nata yadda yake, kuma a ganina ta yi daidai.

Tikitin a waya ya zo, ana saura 'yan kwanaki. Na sauke duka biyun a wayata, na tabbatar suna buɗewa ko babu intanet, don wurin da mutum dubu tamanin suka taru ba a dogara da sabis. Daren Asabar uwargida ta cika mana jakar goyo dam, rigunan sanyi, laima, har da abin da ban san amfaninsa ba. Allah ya sa na sake duba ƙa'idojin filin. Jaka ɗaya ake bari, kuma kada ta wuce girman takardar A4. Na ɗauko takarda na ɗora a kan jakar, jakar ta haɗiye ta. Muka zazzage komai, na ɗauki abin cajin waya da katin banki kawai, tunda a cikin Wembley ba a karɓar tsabar kuɗi.

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe uku za a take ƙwallo. Sha ɗaya da rabi muka fita. Daga Norwood Junction muka hau jirgi zuwa London Bridge, daga nan layin Jubilee kai tsaye har Wembley Park. Mai sauri yakan sauya zuwa layin Metropolitan a hanya, amma ba na son sauye-sauye da yaro a cikin cunkoso. Tun daga tasharmu jirgin ja da shuɗi ne. Wani dattijo da ke gefenmu, gashinsa fari fat, ya ga rigar yaron ya tambaye shi ko ya je na Mayu. Yaron ya girgiza kai. Dattijon ya ce shi ya je na 1990, ya je na 2016, duka biyun Manchester United ta hana su, sai a na uku ya ga abin da ya zo gani. Ya ce, "Kai ka taki sa'a, da wuri ka fara."

Gani ya kori ji. Kana fitowa daga tashar Wembley Park kana bisa matakala, titin Olympic Way ya miƙe a gabanka cike da kawuna, can ƙarshensa ga filin, ga farin bakan ƙarfen nan mai tsayin mita 133 ya ratsa samansa. Yaron ya tsaya cak, har na bayanmu suka fara kewaye mu. Na bar shi ya ƙare kallonsa.

Shiga ba ta yi wuya ba. A jikin tikiti akwai harafin ƙofa da lambar sashe da layi da kujera, kuma kowace ƙungiya da ɓangarenta, ba a cakuɗawa. Aka caje mu, na ƙara hasken waya, na fara ɗora tikitin yaron a na'ura ya wuce, sannan nawa. Mai zuwa da yaro ya riƙe wannan: yaron ya fara shiga, kada ka tsallaka ka bar shi a waje wayar tana hannunka. Sai hawa, bene bayan bene. Kujerunmu suna can inda 'yan wasa ke komawa kamar 'ya'yan dara, amma filin gaba ɗaya a tafin hannunka yake. Mutum 90,000 yake ci. Selhurst Park da muka saba da shi bai kai sulusin haka ba.

Kafin wasa aka yi abin da har yau yake damuna. Diogo Jota na Liverpool da ƙaninsa André Silva sun rasu a haɗarin mota a Sifaniya ranar 3 ga Yuli, makonni biyar kacal kafin nan. Aka ajiye furanni, aka nemi a yi shiru na minti ɗaya. Wasu 'yan tsiraru a ɓangarenmu suka ci gaba da hayaniya, na kusa da su suka hau yi musu tsawa, ɓangaren Liverpool ya ɗauki ihu, alƙalin wasa ya hura usur tun mintin bai cika ba. Yaron ya ɗago ya ce, "Abba, me ya sa?" Na ce wasu ba su da tarbiyya. Wataƙila cikinsu akwai waɗanda shigowarsu ke nan ba su san an fara ba, amma kunya dai na ji, kuma rigar da ke jikina irin tasu ce.

Minti huɗu da farawa Hugo Ekitike ya ci wa Liverpool, Florian Wirtz ne ya ba shi. Sababbi biyu, taɓawa biyu, ƙwallo a raga. Wayata ta yi ƙara a aljihu, ban duba ba na san Yaya ne. Na fara shirya kalaman da zan lallashi yaro da su a hanyar gida. Amma ɓangarenmu ko gezau, ganga ba ta tsaya ba, waƙa ma ƙaruwa ta yi. Ba a daɗe ba Virgil van Dijk ya kayar da Ismaïla Sarr a cikin da'ira, Jean-Philippe Mateta ya buga fenariti a minti na 17 ya farke. Wani ƙato da ban taɓa gani ba ya rungume ni har numfashina ya ɗauke.

Da agogo ya kai minti 20, lambar rigar Jota, magoya bayan Liverpool suka miƙe suna tafi, da yawa daga cikinmu muka taya su. Ana cikin tafin nan Jeremie Frimpong ya ɗaga wata ƙwallo daga gefen dama, wadda ni dai na rantse bugowa tsakiya ya yi niyya, ta tsallake mai tsaron ragarmu Dean Henderson ta daki turke ta shige. An ci mu, amma jikina ya yi sanyi ta wata fuskar daban. Na tsaya ban ce komai ba.

Bayan hutun rabin lokaci ne na gane na daina kallon wasan da idon da na zo da shi. Palace ta matsa, mai tsaron ragar Liverpool Alisson ya tare ɗaya, ya tare biyu, na tsinci kaina a tsaye ina yi wa alƙalin wasa faɗa daga nisan da ko fuskarsa ba na gani. A minti na 77 Adam Wharton ya zura wa Sarr ƙwallo ta tsakanin 'yan baya, ɗan Senegal ɗin ya buga ta daki turke ta shiga. Biyu da biyu. Muryata a nan ta tafi.

Da aka tashi yaron ya ce, "Saura ƙarin minti 30." Na ce a'a, a wannan wasan babu ƙarin lokaci, kai tsaye ake tafiya fenariti. Wannan kaɗai ne ya rage da ke nuna farkon kaka ne, ba a son a gajiyar da 'yan wasa.

Mohamed Salah ya fara, ya ɗaga ta sama da raga. Mateta ya ci. Henderson ya tare ta Alexis Mac Allister. Sai Eberechi Eze, wanda ya ci ƙwallon da ta kawo kofin FA, wanda sunansa ke bayan rigar ɗana, ya zo ya buga Alisson ya tare. Yaron ya cusa fuska a hammatata ya ce ba zai ƙara kallo ba, in riƙa faɗa masa. Cody Gakpo ya ci, Sarr ya ci, Henderson ya sake tare ta Harvey Elliott. Borna Sosa yana ci an gama, sai ya daki ƙarfen sama. Dominik Szoboszlai ya mayar da ita biyu da biyu. Saura bugu ɗaya, kuma wanda ya taho daga tsakiyar fili Justin Devenny ne, ɗan shekara 21, wanda shigowarsa ke nan ana dab da tashi. Na ce, "Ɗago ka kalla. Ba mu yi layin nan don ka ji labari a bakina ba." Ya ɗago. Devenny ya narka ta a raga.

Ba zan iya kwatanta ƙarar ba. Abin da na fi tunawa shi ne wata mata a layin gabanmu da ta zauna ta rufe fuska da gyalen ƙungiya tana kuka, a kan farantin da na yi wata uku ina kira na sada zumunta. Manchester United ta ɗauki garkuwar nan sau 21, Liverpool sau 16. Ɓangarensu kafin a miƙa ta ya kusa zama wayam, kuma ban ga laifinsu ba, mai ƙoshi ne. Mu kuwa ba wanda ya motsa har sai da kyaftin ɗinmu Marc Guéhi da abokan wasansa suka ɗaga ta, suka kewayo da ita gabanmu.

Fita ta fi shiga wuya. A kan Olympic Way ana tsayar da jama'a rukuni-rukuni don kada tasha ta cushe, ku yi taku kaɗan a tsayar, a sake saki. Mun fi minti arba'in kafin mu kai jirgi. A nan na buɗe saƙonnin Yaya. Na farko dariya ce, tun minti na huɗu. Na ƙarshe kuwa cewa ya yi, "Ai wasan sada zumunta ne." Na miƙa wa yaron wayar, ya naɗa masa murya cikin ladabi: "Baffa, ina wuni. Sannu da haƙuri."

Murnar kwana ɗaya ta yi ba gauraye. Tun a Yuli hukumar UEFA ta sauke Palace daga gasar Europa zuwa Conference League saboda a lokacin ɗan kasuwa John Textor yana da hannun jari a Palace da kuma Lyon, wadda ita ma ta samu gurbi a Europa, shi ya sa rabin waƙoƙin da aka yi a filin zagin hukumar ne. Washegari Litinin kotun sauraron ƙararrakin wasanni da ke Lausanne ta yi watsi da ƙarar Palace, Nottingham Forest ta tabbata a gurbin. Na dawo daga aiki ina tunanin yadda zan faɗa masa, sai na same shi a kan kwamfuta, ya riga ni ji.

Ya ce, "Abba, na duba. A Leipzig za a yi wasan ƙarshe, a Jamus, watan Mayu. Akwai jirgi daga nan."

Na ce ya tashi ya wanke rigarsa.